Idon dokina ya kumbura a wannan zafin, ina neman shawarar masana

Abdullahi Mai Bidi (Ajah):
Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku a kan bidina da nake fita da shi bakin teku ranakun Asabar da Lahadi, wanda da shi nake ci da iyalina. Yau kwana uku ke nan da idonsa na hagu ya fara zubar da hawaye, har gashin kuncinsa ya yi layi ya daskare, kuma tun jiya da safe fatar idon ta kumbura ta yadda ba ya iya buɗe shi sai kaɗan. Idan na fito da shi rana sai ya runtse idon gaba ɗaya ya sunkuyar da kai, idan kuma na ɗaure shi a turke sai ya riƙa goga fuskarsa a gwiwar ƙafarsa ta gaba. Ƙudaje sun yi masa cincirindo a gefen idon, ina kora suna dawowa. Yana cin dusarsa da harawarsa kamar kullum. Na je wani kemis na yi bayani, aka ba ni maganin ɗigawa na mutane, aka ce irinsa ake ba masu Apolo, amma ban sa masa ba tukuna domin zuciyata ba ta kwanta ba. Hutun Ista ya matso, lokacin da muke samun masu hawa sosai, kuma ina tsoron in rasa idon dokin nan. Don Allah wanda ya san abin yi ya taimaka mini.

Baba Shamaki (Obalende):
Wa alaikumus salam. Ɗana Abdullahi, Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba shi lafiya. Na fi shekara arba'in ina cikin barga, kuma duk shekara idan aka shiga watan Fabrairu zuwa Afrilu, kafin ruwa ya sauka sosai, sai mun sha fama da wannan abin a Legas. Zafin nan namu ba irin na gida ba ne da yake busar da komai; a nan zafi ne mai gumi, kashin doki ba ya bushewa, shi ya sa ƙuda yake yawa fiye da kima. Ƙuda kuwa hawayen doki yake sha, yana sha yana taka idon da ƙafafunsa masu ƙazanta, idon ya ƙara zubar da ruwa, wasu ƙudajen su ƙara zuwa. Ga kuma yashin bakin teku da iska take watsa masa. Shawarata ita ce ka tafasa ruwa ka bar shi ya huce, ka sa gishiri ɗan kaɗan, ka wanke masa idon da auduga safe da yamma, ka ajiye shi a inuwa, ka ba shi kwana biyu ka gani. Sannan ina tambayarka: ko ka aske masa gashin goshi? Yaran yanzu kuna aske shi don kwalliya, alhali da shi doki yake korar ƙuda daga idonsa.

Malam Habu (Agege):
Allah ya ƙara sauƙi. Mu a wajenmu idan idon doki ko na saniya ya yi haka, garin sukari ake niƙawa a hura masa a ciki, wasu kuma kwalli suke sa wa, kuma na ga waɗanda suka warke da hakan. Maganin kemis ɗin ma ban ga laifinsa ba, tun da abin da ya warkar da idon mutum ai ba zai cuci dabba ba.

Dakta Nura (Ikeja):
Malam Abdullahi, kafin komai ina roƙonka kada ka ɗiga wannan maganin, kuma kada a hura masa sukari ko kwalli ko kanwa, sai an san abin da yake cikin idon. Malam Habu, ka yi mini haƙuri, ba raina iliminku na gado nake yi ba, amma a nan dole in saɓa maka. Ka duba jikin kwalbar, Malam Abdullahi, ka gaya mana ko an rubuta dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone ko hydrocortisone. Waɗannan duka dangin sitiroyid ne, kuma da yawa daga cikin magungunan ɗigawa da ake sayarwa don jan ido suna ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Suna sauke kumburi da sauri, shi ya sa mutane suke yaba su, amma idan akwai ƙujewa a gilashin ido, wato fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido, sitiroyid yana hana wurin haɗewa, yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta da fumfuna hanya. A gari mai laima irin Legas, fumfuna a idon doki ba baƙon abu ba ne, kuma idan miki ya fara narkewa, cikin kwana ɗaya ko biyu gilashin yana iya hudewa.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne ido ɗaya ne, kuma dokin yana runtse shi yana gudun rana. Damun ƙuda zalla yawanci idanu biyu yake kamawa, su yi ja da kwantsa, amma doki yana buɗe su. Ido ɗaya a rufe alamar zafi ce mai tsanani. Ka tsaya a gabansa ka kwatanta gashin idanunsa biyu: na lafiyayyen ido yana miƙewa waje, na mai ciwo kuwa yana sunkuyawa ƙasa. Ka kai shi wuri mai duhu ka haska masa tocila daga gefe, ba tare da ka ɓare idon da ƙarfi ba, ka duba ko akwai wani fari ko gajimare a kan baƙin idon. Ka duba ramin nan da yake saman idanunsa, ko ya cike ya taso. Idan kana da ma'aunin zafi ka auna shi ta dubura. Na doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 ne. Ka dawo mana da amsa.

Garba Ɗan Barga (Ikoyi):
Ina goyon bayan Likita, domin abin da yake faɗa ya faru a hannuna, kuma har yau yana ci mini rai. Shekarun baya, kafin in koma inda nake yanzu, ina kula da wata goɗiya akawal ta wani maigidana. Wata safiya na tarar da idonta na dama yana hawaye, na ɗauka ƙuda ne, na sayo irin maganin ɗigawar nan na sa mata. Washegari kumburin ya sauka, na yi murna, na ci gaba da ɗigawa. A rana ta biyar na shiga barga da asuba na ga baƙin idon ya koma kamar madarar da ta tsinke, tsakiyarsa ya yi laushi yana neman zubowa. Da aka kira likita ya ce ƙaya ce ta yage ta tun farko, maganin kuma ya ƙarasa aikin. A ƙarshe cire idon aka yi. Goɗiyar ta rayu, amma ba a ƙara buga ƙwallon dawaki da ita ba, kuma idan ka zo mata ta ɓangaren dama sai ka yi magana tukuna, in ba haka ba ta firgita. Ƙanena Abdullahi, ka ajiye kwalbar nan.

Abdullahi Mai Bidi (Ajah):
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, gaskiya ne na rage masa gashin goshi watan jiya saboda masu ɗaukar hoto sun fi son fuskar a buɗe. Likita, na duba kwalbar, akwai dexamethasone a jiki. Na yi abin da ka ce bayan magariba: gashin idon hagu ya sunkuya ƙasa, kuma da na haska na ga wani ɗan fari kamar ƙwayar gero a gefen baƙin idon, ta ƙasa. Ramin saman idon bai cike ba, yana nan yadda yake a ɓangarorin biyu. Na ari ma'auni wurin maƙwabcina, zafinsa 38.1.

Dakta Nura (Ikeja):
Alhamdulillahi da babu zazzaɓi. Amma farin nan da ka gani ya isa dalilin da likitan dabbobi zai duba shi gobe da safe, ba jibi ba. Gwajin ba mai wahala ba ne. Akwai wata 'yar takarda mai ruwan lemo, ana jiƙa ta a taɓa idon da ita; inda gilashin yake lafiya rinin ba ya kamawa, inda ya ƙuje kuwa sai wurin ya yi kore shar. Da wannan rinin ake gane wani abu kuma: hawayen doki yana bi ta wata siririyar hanya ne ya fita ta cikin hancinsa, don haka idan kore ya ɓullo a hanci bayan 'yan mintuna, hanyar a buɗe take, idan bai ɓullo ba ana zargin ta toshe da ƙura ko kwantsa, sai a wanke ta. Likita zai kuma kashe zafin idon ya leƙa bayan fatar ido ta uku, wadda take fitowa daga gefen hanci, domin nan ne ƙaiƙayin harawa da tsinken ciyawa suke maƙalewa.

Baba Shamaki (Obalende):
Likita, na ji bayaninka kuma ban ƙi ba, amma bari in faɗi abin da yake raina. Ku kuna magana kamar kowa yana da abin da masu dawakin Ikoyi suke da shi. Kulob ɗin ƙwallon dawaki na Legas tun 1904 yake, masu shi suna da likitoci a kusa, suna kawo dawaki daga Ajantina, ciwo kaɗan sai a buga waya. Shi kuwa yaron nan abin da ya samu ranar Lahadi da shi zai sayi dusa ya ciyar da gida har wata Asabar. Kiran likita daga cikin gari zuwa Ajah, da cunkoson hanyar nan, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Mun wanke idanun dawaki da ruwan gishiri ba adadi sun warke, ba mu ga takarda mai ruwan lemo ba. Ban ce a hura sukari ba, ni ma na daina wannan tun da daɗewa, domin na lura dokin da aka hura wa ya fi shan wahala. Amma kada mu sa talaka ya ga kamar duk hawayen doki sai da likita.

Dakta Nura (Ikeja):
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce kuma na karɓe ta. Ba kowane hawaye ne yake buƙatarmu ba. Idan idanu biyu ne suka yi ja, doki yana buɗe su, gilashin garau yake, babu zazzaɓi, to wankin da ka faɗa shi ne daidai, kuma ni ma shi zan ce a yi. Abin da zan ƙara kawai shi ne awo, domin gishiri idan ya yi yawa ƙona ido yake yi: giram 9 ne a lita 1 ta tafasasshen ruwa, wato abin da bai kai ƙananan cokula biyu a shafe ba, kuma a haɗa sabo kullum. Inda na tsaya shi ne ido ɗaya a rufe, ko fari a kan baƙin ido, ko kumburin da ya zo da zazzaɓi. A irin wannan, kuɗin zuwan likita sau ɗaya bai kai kuɗin doki mai ido ɗaya da ba wanda zai yarda ya ɗora ɗansa a kai ba. Shawarata ga 'yan'uwa na bakin teku ita ce su haɗa kai, tun da dawakinsu a wuri ɗaya suke: likita ya zo rana ɗaya ya duba goma, a raba kuɗin motar.

Malama Hadiza (Idi-Araba):
Sallama ga iyaye da yayye. Ni ma'aikaciyar jinya ce, mahaifina kuma yana da dawaki biyu. Ina so in ƙara a kan wankin ne kawai. Ruwan gishiri na leda da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti, mai gishiri kashi 0.9 cikin ɗari, ana samunsa a manyan kemis, kuma ya fi na haɗawa a gida tsafta. A wanke hannu da sabulu tukuna, kowane ido da audugarsa, kuma tsumman da aka goge wa doki ɗaya fuska kada a kai shi fuskar wani. Na sha gani a barga ana amfani da soso ɗaya a wanke fuska da ƙarƙashin wutsiya. Malam Habu, game da cewa maganin mutum ba ya cutar da dabba, ko a idon mutum ba mu yarda a ɗiga sitiroyid sai likitan ido ya duba.

Malam Habu (Agege):
To, na ji, kuma na janye batun sukari. Amma Likita, ina da tambaya a kan nawa dokin. Duk shekara idan zafi ya kama, wani tsiro yana fito masa a kusurwar ido ta wajen hanci, ja ne kamar ɗanyen nama, yana tsatsafo da ruwa, kuma idan na goge sai in ga wasu 'yan ƙwayoyi rawaya masu tauri a ciki kamar tsakin masara. Idan hunturu ya zo sai ya lafa da kansa, zafi na dawowa ya dawo. Shekara uku ke nan.

Dakta Nura (Ikeja):
Malam Habu, bayaninka ya yi kama ƙwarai da aikin wata tsutsa da ake kira Habronema. Uwar tsutsar a cikin tumbin doki take zaune, ƙwanta yana fita cikin kashi, tsutsotsin ƙuda da suke cikin kashin su haɗiye shi. Idan ƙudan ya girma ya tashi, yana ɗauke da 'ya'yan tsutsar a bakinsa. Idan ya ajiye su a leɓen doki, dokin ya haɗiye su, sun koma gidansu. Idan kuwa ya ajiye su a gefen ido ko a kan wani rauni, ba su da hanyar wucewa, sai su maƙale jiki ya yi ta faɗa da su, shi ne tsiron da kake gani, ƙwayoyin rawayan kuma matattun wuraren ne da suka daskare. Maganinsa ivermectin ne ta baki, bisa nauyin dokin, tare da maganin sauke kumburi da likita zai zaɓa bayan ya tabbatar gilashin idon lafiya yake, kuma ya kamata duk dawakin bargar su sha, ba shi kaɗai ba. Sai dai kada a yanke hukunci daga nesa, domin akwai wata cutar dajin fatar ido da take kama da wannan, musamman a dawaki masu farar fata a gefen ido irin su kili da danda. Idan an ba da magani tsiron bai janye ba, sai a yanki ɗan ƙanƙani a kai ɗakin gwaji.

Wannan ya dawo da mu kan maganar Baba ta farko. Doki ɗaya yana kasayar da kimanin kilo 20 a rana, kuma a irin zafin nan ƙwan ƙuda yana zama ƙuda mai tashi cikin kwana 7 zuwa 10. Duk wanda ya tara juji a bayan bargarsa na mako biyu, kiwon ƙuda yake yi.

Garba Ɗan Barga (Ikoyi):
A wajenmu sau biyu muke kwashe kashi a rana, kuma kowane doki yana da takunkumin raga na fuska, wanda yake gani ta cikinsa amma ƙuda ba ya shiga. Wanda ba shi da halin saye, tela yana iya ɗinka masa da raga mai ɗan tauri, amma a yi mata ƙusurwa ta tashi daga kan idon, domin idan ragar ta kwanta tana gogar ido, ta fi ƙudan ɓarna. Kada a yi da gidan sauro mai magani. A riƙa cire shi kullum ana duba idon ana wankewa. Wani abin kuma shi ne garin katako da muke shimfiɗa musu: idan mai laushi ne sosai ƙurarsa tana shiga ido, idan kuma ya jiƙe da fitsari ya kwana, zarnin da yake tashi ko kai ka shiga sai idonka ya yi yaji. Harawar da ake kawo mana daga Arewa ma ina yayyafa mata ruwa kafin in zuba, kuma a ƙasa nake zubawa, ba na rataye ta sama da kan doki.

Baba Shamaki (Obalende):
Likita, na lura ka tambayi yaron nan ramin saman ido, kuma na san dalilinka. Na taɓa ganin shekarar da ramin nan ya cike wa dawaki a jere, kai da wuya suka kumbura, cikin mako muka binne da yawa, kuma baƙin dawakin da aka kawo daga waje su suka fara faɗuwa. Ka yi wa yara bayani, domin da yawansu ba su taɓa gani ba.

Dakta Nura (Ikeja):
Haka ne, Baba. Wannan ita ce annobar dawaki ta Afirka, kuma ƙyashi ne yake yaɗa ta, wanda yake cizo daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, ya fi yawa idan ruwa ya sauka bayan zafi. Ba ciwon ido ba ce, jiki duka take kamawa, amma sau da yawa a fuska ake fara ganinta: zazzaɓi mai zafi, ramukan saman ido biyu su taso, fatar ido ta kumbura ta yi jajir. Ba ta da maganin warkarwa, sai rigakafi da shigar da dawaki ɗaki mai raga kafin magariba, kuma cuta ce da dole a sanar da hukumar dabbobi idan an gan ta. Akwai kuma ciwon da kaska take sa wa, wanda yake mayar da cikin fatar ido rawaya ko fari fat, wani lokaci da ɗigon jini a kan fata ta uku. Sannan ga mu 'yan Legas da ambaliya da ɓeraye, akwai ƙwayar cutar da take cikin fitsarin ɓera, wadda ake dangantawa da ciwon cikin ido mai tafiya yana dawowa har ya makantar da doki, don haka a rufe buhun dusa, kada kuma a bar doki ya sha ruwan kwata.

Abdullahi Mai Bidi (Ajah):
Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan kwana shida. Mun bi shawarar haɗa kuɗi, mu bakwai, likita ya zo washegari. Da ya sa rinin, wurin nan ya yi kore kamar yadda aka faɗa, kuma da ya ɗaga fata ta uku sai ya zaro wani ɗan tsinken harawa da bai kai tsawon farce ba, wanda shi ne yake ta gogar idon duk lokacin da dokin ya ƙifta. Ya ba ni man shafawa na kashe ƙwayoyin cuta wanda babu sitiroyid a ciki, ina sa masa sau huɗu a rana, ya yi masa allurar rage zafi, ya kuma ɗiga masa atropine, wani magani mai buɗe ƙwayar ido, ya ce in ajiye shi a inuwa domin ƙwayar idon za ta daɗe a buɗe, in kuma riƙa lura da kashinsa saboda atropine ɗin yana iya rage motsin hanji. Yau da safe ya buɗe idon sosai, gashin idon ya miƙe, farin ya ragu amma bai ɓace ba. Likitan zai dawo ranar Alhamis ya sake sa rinin, kuma ya ce kada in fita da shi bakin teku sai wurin ya daina kama kore, ko da hutun zai wuce ni. A cikin dawakin da ya duba ya samu biyu masu irin tsiron da Malam Habu ya faɗa, duk an ba su maganin tsutsa. Jujin bayan bargarmu mun kwashe shi jiya. Yaya Garba, don Allah ka turo mini hoton takunkumin naku ta gaba da ta gefe, da awon tazarar da ake bari tsakanin raga da ido, in kai wa tela gobe.

Baba Shamaki (Obalende):
Alhamdulillahi, Allah ya ƙarasa masa lafiya. Kafin telan ya gama, ina da tsohon guda ɗaya a ajiye, ka aiko yaro Obalende bayan la'asar ya karɓa, ka wanke shi da sabulu ka shanya kafin ka sa masa. Gashin goshin nan kuma ka bar shi ya tofo.